Shin zanen da babu siffa a cikinsa ya rabu da addini?

An daɗe ana cewa bugun zane na zamani marar siffa, wanda layuka da launuka kawai ake gani a kansa, ba ruwansa da addinin Kirista, tunda ba fuskar Yesu ko ta Maryamu. Ba abin mamaki ba ne, don ido ya saba da hotunan coci masu siffar mutane.

Amma ba haka abin yake ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masu zane a Faransa sun koma bayyana imaninsu da launi da haske zalla. A 1949 an nuna jerin zane bakwai a Faris a kan jigon Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, waɗanda aka zana a kan dutse sannan aka buga a takarda. A irin wannan aiki, baƙaƙen layuka masu tsini kan tuna kambin ƙaya da aka sa wa Yesu, haske mai ɓullowa daga duhu kuma tashi daga matattu. A ganina, rashin fuskar ma ya fi sa mai kallo ya tsaya ya yi tunani.

Kana iya dubawa da kanka. Kalli ƙasan takardar da aka buga zanen a kai, inda mai zanen kan rubuta sunan aikin da fensir. Ƙirga jerin: idan 14 ne, wataƙila matakan Hanyar Gicciye ne, wato tafiyar Yesu zuwa gicciye har binne shi. Sai launi, domin a kalandar coci shunayya na lokacin azumi ne, fari na Ista. Sai dai ba kowane layi biyu da suka gitta ba ne gicciye, shi ya sa sunan aikin ya fi zama hujja.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.