Ba a furta -ent na jam'in aikatau a Faransanci

Masu koyon Faransanci sun daɗe suna zaton cewa ƙarshen -ent na aikatau, wanda ke nuna jam'i (su), gaɓa ce mai zaman kanta, shi ya sa ake jin ɗalibi yana karanta parlent na ils parlent (suna magana) da gaɓa biyu. Wannan kuskure ne, kuma a ganina ido ne yake yaudarar harshe, domin mun saba da Hausa, inda ake furta abin da aka rubuta. A baki, parle, parles da parlent duk gaɓa ɗaya ce, furucinsu ɗaya. A suna kamar président (shugaba) -ent yana fita ta hanci, amma a aikatau na ils président (suna shugabanta) shiru yake. Jam'i kuwa wani lokaci ana jin sa kafin aikatau, kamar sautin z da ke tsakanin ils da aiment a ils aiment (suna so).