Dedlif: aikin tsokoki da gaɓoɓi a salonsa daban-daban

Dedlif nau'in ɗaga ƙarfe ne da mutum ke sunkuyawa ya kama sanda mai nauyi a ƙasa, ya miƙe da ita har gwiwoyi da ƙugu su miƙe sarai. Yana cikin ɗagawa uku na gasar fawaliftin, tare da tsuguno da sanda a kafaɗa da kuma tura sanda daga ƙirji a kwance. Nauyin sandar kilo 20 ne, faɗin manyan fayafayan nauyin da ake zura mata santimita 45, don haka tana tashi ne daga kimanin santimita 22 sama da ƙasa, ko mai ɗagawa dogo ne ko gajere. Eddie Hall ɗan Ingila ya ɗaga kilo 500 a birnin Leeds a 2016, Hafthor Bjornsson na Iceland kuma ya ɗaga 501 a 2020.

Yadda nauyi ke rabuwa

Nauyi ƙasa yake ja kai tsaye. Wahalar da kowace gaɓa ke sha ta dogara ne ga nauyin da kuma nisan gaɓar daga layin da sanda ke bi. Wanda ya taɓa rungumar jarkar ruwa, sannan ya gwada riƙe ta nesa da jiki, ya san wannan: ruwan bai ƙaru ba, amma baya ya ji a jikinsa. Shi ya sa masu horarwa ke nanata cewa sanda ta riƙa gogar ƙauri da cinya.

Tsokar mazaunai, da tsokokin bayan cinya, da babbar tsokar cikin cinya su ke miƙar da ƙugu. Tsokoki huɗu na gaban cinya su ke miƙar da gwiwa. Tsokokin gadon baya kuwa ba motsi ake nema a gare su ba, tsayawa ake so su yi daram don kada kashin baya ya lanƙwashe. Sauya salo ba ya kawar da nauyi, gusar da shi yake yi daga wata gaɓa zuwa wata.

Salon asali da salon sumo

A salon asali ƙafafu na tsayawa daidai faɗin ƙugu, hannaye a wajen gwiwoyi. Mazaunai na ja baya sosai, ƙirji ya karkata gaba, sai babban aiki ya faɗa kan ƙugu da baya. A sumo, wanda ya samo sunansa daga tsayuwar 'yan kokawar Japan, ana ware ƙafafu, yatsu na kallon waje, hannaye a tsakanin gwiwoyi. Ƙugu ya matso kusa da sanda ke nan, gangar jiki ta ƙara miƙewa.

A wani binciken da aka wallafa a 1991, masu bincike Cholewicki da McGill da Norman sun auna mutum 57 a gasar ƙasa ta Kanada. Sun gano cewa sumo na rage ƙarfin da ke neman lanƙwasa mahaɗar ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan baya da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin da ke neman zamar da ƙasusuwan kuma da kashi 8. Ragin gaskiya ne, sai dai bai kai yadda ake kambama shi ba. A binciken nan matsin da ya sauka kan kashin bayan wani ya haura niyuton 17,000, kusan nauyin tan 1.7.

Rafael Escamilla da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a 2000 cewa tafiyar sanda da aikin da ake yi sun fi yawa a salon asali da kashi 25 zuwa 40. Wannan ne madogarar masu ganin sumo hanyar sauƙi ce. Maganar ba ta cika ba, domin sumo na da tasa wahalar wajen ɓamɓaro sanda daga ƙasa, kuma wanda mahaɗar katararsa ba ta buɗewa sosai zai ga gwiwoyinsa na faɗawa ciki. A 2002 su Escamilla suka manna na'urar auna wutar tsoka a jikin 'yan wasa 13. Tsokoki biyu na gaban cinya da ta gaban ƙauri sun fi aiki a sumo, ta sha-raɓa ta fi a salon asali, amma ba a ga bambancin a zo a gani ba a mazaunai da bayan cinya. Ya kamata a yi hattara da irin wannan awo: saƙon da jijiya ke aika wa tsoka yake nunawa, ba girman da tsokar za ta yi bayan watanni ba.

Sanda mai kusurwa shida

Al Gerard, wani Ba'amurke mai fama da ciwon baya, shi ya ƙirƙiro sandar da ake shiga cikinta a shekarun 1980. Mariƙinta na gefe da gefe, sai nauyi ya daidaita da tsakiyar jiki. Binciken Paul Swinton na 2011 a Sikotland ya nuna wahala ta ragu a ƙasan baya da ƙugu da idon sawu, ta ƙaru a gwiwa. Mahalarta 19 sun ɗaga matsakaicin kilo 265 da ita, 245 da miƙaƙƙiyar sanda. Ga mai koyo, tana da sauƙin sabo.

Salon Romaniya

An danganta shi da Nicu Vlad, ɗan wasan ɗaga ƙarfe na ƙasar Romaniya, wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1984, bayan Amurkawa sun ga yana yinsa a 1990. Daga tsaye ake farawa. Ana ɗan sassauta gwiwa a bar ta haka, a tura mazaunai baya, sanda na bin cinya har ƙasan gwiwa, a dawo ba tare da fayafayai sun taɓa ƙasa ba. Tsokokin bayan cinya sun ratsa gaɓa biyu, ƙugu da gwiwa, don haka idan gwiwa ba ta lanƙwashe ba sai su miƙe matuƙa alhali suna ɗauke da kaya. Gaban cinya kusan hutawa yake yi, kuma nauyin da ake sawa bai kai na salon asali ba. Ana tsayar da sauka ne daidai inda bayan cinya ya ƙi ƙara miƙewa, domin duk abin da aka ƙara bayan nan daga lanƙwasar kashin baya yake fitowa.