Manhaja Ta Tsaya Cak a Tsakiyar Jerin Umarni: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da ƙaramin yare da ke cikin babban yare?

Yare ne da aka gina domin aiki guda, amma yana zaune a cikin babban yaren rubuta manhaja, yana bin ƙa'idojinsa. jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, haka yake a cikin JavaScript, kamar yadda pandas yake a cikin Python. Ana jera umarni da ɗigo a tsakani, kowanne yana aiki a kan abin da na gabansa ya miƙo masa.

Malam, ina rubuta wa ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙauyenmu kusa da Auyo manhajar rabon taki da pandas, sai ta riƙa tsayawa tana ambaton NoneType. Ina matsalar take?

Ɗana, umarnin da ya yi ƙorafi ba shi ne mai laifi ba, wanda ya gabace shi ne ya miƙo masa hannu wofi. Idan ka rubuta dropna(inplace=True) domin cire manoman da ba a cike bayanansu ba, gyaran yana faruwa a jikin teburin, amma abin da umarnin yake mayarwa None ne, wato babu komai (nau'insa ake kira NoneType), saboda haka sort_values da ka ɗaura a bayansa ba ya samun abin jerawa. Cire inplace, jerin zai tafi daidai.

Ta yaya ake gano gaɓar da ta lalace?

A warware jerin, a ba sakamakon kowace gaɓa suna a layinsa, sannan a duba nau'insa da umarnin type. Python 3.11, wanda ya fito a 2022, yana saka alamar ^ a ƙarƙashin ainihin wurin da aka tsaya, amma a Django, kayan aikin Python na gina shafukan intanet, ko wannan ba ya wadatarwa, domin umarninsa na tace bayanai, filter, ba ya taɓa rumbun bayanai sai an zo karanta sakamakon, kuskuren rumbun kuma sai ya bayyana a layi mai nisa da inda aka jawo shi.

Alamar ?. da JavaScript ya samu a 2020 ba ta magance wannan ba?

Tana hana tsayawar ne kawai idan wata gaɓa ta miƙo hannu wofi, sai jerin ya mayar da undefined, wato babu komai. A ganina ta dace da bayanin da babu laifi idan ya ɓata, kamar lambar waya ta biyu, amma idan adadin buhunan manomi ne, gara manhajar ta tsaya a gyara da a ce sunansa ya fita daga rabo ba wanda ya sani.