Mai Aiki Daga Gida, Yaushe Kake Tashi Daga Aiki?

A ƙarshen bazarar da ta wuce wani matashi ya zo wurinmu a cibiyar lafiya a nan Garwa, a arewacin Kamaru, yana kukan ciwon wuya da ciwon kai da suka ƙi barinsa. Da muka auna jininsa muka ga ya hau fiye da yadda ake tsammani ga mai shekarunsa. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce yana shigar da bayanai a kwamfuta ne ga wata ƙungiya da ofishinta yake Yawunde, kuma daga ɗakinsa yake yin komai. Sai ya ƙara da cewa, "Ai ni Malam ba na aikin wahala, ko ƙofar gida ba na fita." Da na ci gaba da tambaya, na gano cewa a kan katifa yake zama ya ɗora kwamfutar a cinyarsa, yakan fara bayan sallar asuba, kuma lokacin tashinsa yana hannun wutar lantarki ne, idan ta dawo da ƙarfe goma na dare to sai ya kai ƙarfe biyu yana aiki. Wannan magana tasa ta cewa ba ya aikin wahala ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ji irinta daga bakin mutane da yawa, maza da mata, kuma kusan dukkansu sun yarda da ita har cikin zuciyarsu.

Aiki a cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɗe suna matse man gyaɗa, suna soya ƙuli-ƙuli, suna dama fura da ɗinkin hula ba tare da sun taka ƙofar zaure ba, kuma da wannan sana'a aka aurar da 'ya'ya aka biya kuɗin makaranta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, tun kafin annobar korona, mutane kusan miliyan 260 ne suke neman abincinsu daga cikin gidajensu a faɗin duniya. Sabon abin shi ne aikin kwamfuta da waya. Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da aka samu mutum na farko da ya kamu da korona a Kamaru, gwamnati kuma ta rufe makarantu da iyakoki, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da masu lissafin kuɗi da masu fassara da malaman jami'o'in Ngaundere da Marwa suka koyi gudanar da ayyukansu ta intanet. Annoba ta lafa, amma ɗabi'ar ta zauna, ga kuma 'yan kasuwarmu da yanzu shagonsu yake cikin WhatsApp da Facebook.

Ba zan ɓoye amfanin abin ba, domin yana da shi. Wanda ba ya hawa babur sau biyu kullum ya rage wa kansa haɗarin hanya, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa ya san yawan karaya da raunin kai da babura suke kawo mana. Mai asma yana samun sauƙin ƙurar hunturu, kuɗin mota ya ragu, abincin gida kuma ya fi na bakin titi tsabta. Wadda ta fi kowa cin moriya ita ce mai shayarwa, domin dokar ƙwadago ta Kamaru ta ba mace hutun haihuwa na mako 14 ne, alhali muna roƙon uwa ta shayar da jaririnta nono zalla har wata 6. Idan an bar ta ta yi aikinta a gida a waɗannan watanni, an taimaki jaririn taimako na gaske.

Sai dai akwai abubuwan da zuwa ofis yake yi wa jiki ba tare da mun lura ba. Ma'aikacin da yake fita yakan yi wanka da wuri, ya taka zuwa bakin titi, ya hau bene, ya leƙa ofishin abokin aikinsa su gaisa, ya tafi masallaci a ƙafa lokacin azahar, sannan idan ƙarfe uku da rabi ta yi ya rufe ƙofa ya kama hanyar gida. Duk wannan motsi ne, kuma motsi magani ne ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Mai aiki daga gida yana iya wuni cur bai yi taku ɗari biyu ba. Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, likitanci ma bai saɓa wa wannan magana ba, domin yawan zama yana daga cikin abubuwan da suke share wa hawan jini da ciwon sukari da ƙiba hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, wato kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. A yanayinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar sakaliya. Ban da wannan, kada mutum ya wuce minti 30 zuwa 40 a zaune bai miƙe ya ɗan zagaya tsakar gida ba. Ina kuma roƙon maza su riƙa fita jam'i a masallacin unguwa, domin wannan tafiya sau biyar tana raba zaman kashi-kashi.

Yanayin zaman ma abin dubawa ne. An ƙera kwamfutar cinya domin aikin ɗan lokaci, idan kuwa mutum ya ɗora ta a cinya yana zaune a tabarma ko katifa na sa'o'i, dole ya sunkuyar da kai, kuma jijiyoyin wuya da kafaɗa su ne suke ɗaukar nauyin kan tun safe har dare. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kafintan unguwa zai iya haɗa tebur da kujera mai majingina, a yi su daidai yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai, gwiwar hannu kuma ta zo daidai da saman tebur. A ɗora kwamfutar a kan littattafai har saman allonta ya zo daidai da ido, a sayi allon madannai na daban a haɗa mata, a naɗe tawul a sa a ƙugu. Ido kuma yana bushewa idan an ƙura shi ga allo, musamman a hunturu, saboda haka bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin tashi, domin a nan ne nake ganin ɓarna mafi girma. Ofis yana da ƙofa da makulli da mai gadi, gida kuwa ba shi da lokacin rufewa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon bincike da ya nuna cewa yin aiki na sa'a 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, yana kuma ƙara haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da mai aikin sa'a 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutane 745,000 ne suka rasu ta wannan hanya. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ƙayyade sa'a 40 a mako ga ayyukan da ba na noma ba, amma babu mai ƙirga wa wanda yake cikin ɗakinsa sa'o'i, shi kansa ma ba ya ƙirgawa. Mu a arewa muna da ƙarin dalili. Yawancin wutarmu daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma a shekarun da ruwa ya ja baya akan raba wutar unguwa-unguwa. Mai aiki daga gida sai ya koma bin wuta, idan ta zo da tsakar dare ya tashi, ya haɗa shayi mai ƙarfi ko ya tauna goro domin ya kori barci, gari ya waye kuma yara da baƙi ba za su bar shi ya rama ba. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye a dare, kuma rashinsa na wata da watanni yana taɓa hawan jini da tunani da haƙurin zama da iyali. Wanda yake da hali ya sayi ƙaramin faifan hasken rana da batir domin ya yi aikinsa da rana, wannan kuɗi bai tafi a banza ba.

A nan ina da magana da shugabannin ma'aikatu da ƙungiyoyi. Saƙon da kuke turawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko da kun rubuta cewa ba na gaggawa ba ne, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya kwana bai amsa ba, saboda kunya da girmama na gaba da aka tarbiyyantar da mu a kai, da kuma tsoron rasa aikin. Faransa ta ga wannan matsala har ta sa a dokarta tun daga Janairun 2017 cewa ma'aikaci yana da haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan lokacin tashi. Ba sai mun jira doka ba. Ku yanka lokaci a fili, ku faɗa da bakinku cewa bayansa babu wanda za a zarga don bai amsa ba, kuma idan kun mayar da mutum gida ku tuna cewa kuɗin wuta da na intanet da kujera sun koma wuyansa.

Sai maganar janareto, wadda nake so kowa ya karanta sau biyu. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Saboda tsoron ɓarayi mutane sukan shigar da janareto cikin zaure ko baranda ko ɗakin girki su rufe ƙofa, kuma ta haka ake rasa iyali guda a dare ɗaya. Wurinsa waje ne, a fili, nesa da taga da ƙofa, ko da za a ɗaure shi da sarƙa. Idan mutane biyu ko uku a gida ɗaya suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda alhali janareto yana aiki, a kashe shi, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti nan take, kada a ce zazzaɓi ne a kwanta. Gawayin da ake shiga da shi ɗaki a lokacin sanyi ma hukuncinsa ɗaya. Zafi kuma nasa daban ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Kusiri yakan haura digiri 40, ɗakin rufin kwano mara silin kuwa ya fi waje zafi da tsakar rana. A ajiye ruwa kusa a riƙa sha kafin ƙishi ya zo, a duba fitsari, idan ya yi duhu to ruwan jiki ya yi ƙasa, a kuma mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya.

Gidajenmu ba a gina su domin kaɗaici ba, kuma wannan yana da fuska biyu. A wurin jama'a wanda yake gida ba ya aikin komai, don haka za a yi masa sallama, a aike shi, a kawo masa ƙara. Ga mace abin ya ninka, domin tana amsa saƙon shugabanta da hannu ɗaya tana tuƙa tuwo da ɗayan, ga goyo a baya, kuma da yamma a ce ai ta wuni a gida. Ina kira ga magidanta da surukai da su ɗauki sa'o'in aikinta kamar ta fita, a samu mai kama mata yara da girki a wannan lokaci. A ɗaya gefen kuma akwai matashin da ya zo daga wani gari ya kama ɗaki shi kaɗai, wanda yakan yi kwana uku bai yi hira da kowa ido da ido ba. Irin wannan zama yana jawo ƙunci da damuwa a hankali, kuma alamarsa ta farko sau da yawa ita ce rashin barci da rashin son abinci da janyewa daga majalisa. Wanda ya ga haka a ɗan'uwansa kada ya yi shiru.

Ofis ma ba tsarkakakke ba ne. Ana wuni a zaune a can, ana rufe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki, mai tari ya zo aiki don kada a ce ya yi fashi ya shafa wa kowa. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada shi saboda tarin fuka.

A ganina, ga yawancin mutanenmu raba mako ya fi, kwana biyu ko uku a gida sauran a ofis, sai dai mai shayarwa ko mai lalurar da fita take wahalar da shi. Wanda ba shi da wurin da zai keɓe, ko wutar da zai dogara da ita da rana, zuwa ofis ya fi masa lafiya ko da kuɗin babur zai ci masa wani abu. Duk inda mutum yake aiki, idan zama ne yawancin aikinsa, ya riƙa auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, kuma idan awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban to ya kamata ya ga likita. Idan kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko aka ji ƙirji kamar an ɗora masa dutse, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a nemi abin hawa a kai shi asibiti mafi kusa a wannan sa'ar.