Yadda DNA Ke Bambance Kifayen Gurami: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin kifi ne gurami?

Dangin kifi ne na koguna da fadamu, daga Indiya har Tailan, Malesiya da Indonesiya. Kamar tarwaɗarmu, yana leƙowa sama ya shaƙi iska, shi ya sa yake jure ruwan kwance. Babbansu, Osphronemus goramy, yakan kai santimita 70, kuma soyayyensa abin marmari ne a Indonesiya. Wasu kuwa ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba.

Me ya sa ido kaɗai bai isa a bambance jinsunansu ba?

Domin a nan kama da wane ba ta wane. Je wurin masu sayar da kifin ado, za ka ga wani shuɗi, wani ruwan zinari, wani mai dabbare-dabbare, kowanne da sunansa da farashinsa, alhali duk jinsi ɗaya ne, Trichopodus trichopterus. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen launi. Su kuma ƙananan Parosphromenus na fadamun baƙin ruwa a tsibiran Borniyo da Sumatra, jinsuna ne da dama masu kama kamar an tsaga kara, musamman matansu. Idan aka fere kifi aka shanya shi da gishiri kuwa, launin ma ya tafi.

To yaya gwajin DNA yake?

Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada da abokan aikinsa ne suka gabatar da hanyar a 2003. Ana yankar ɗan ƙyallen fiffike, kifin ma ba sai ya mutu ba, a tsoma a sinadarin etanol. A ɗakin gwaji sai a ninninka wani yanki na DNA, wato ƙwayar gado, mai suna COI, a karanta haruffansa kusan 650. Jerin nan shi ne lambar kifin, kamar layi-layin da ake bugawa a jikin kayan kanti. Sai a kwatanta shi da na ma'ajiyar BOLD a intanet, inda ake tara irin waɗannan lambobi na jinsunan da aka riga aka sani. Idan bambancin ya haura kusan kashi 2 cikin 100, akan fara zargin jinsuna biyu ne.

Ba ya kuskure?

Yana yi. COI ta wajen uwa kawai ake gadonsa, don haka kifin da aka barbara tsakanin jinsi biyu zai fito da lambar uwarsa, a rasa uban. Kuma in wanda ya fara ajiye samfur a ma'ajiya ya sa masa suna ba daidai ba, duk mai zuwa daga baya zai kwashi kuskuren. Dole masanin da ke ƙirga ƙayoyi da ɓawon kifi ya kasance a wurin.

Wa abin zai amfana?

A ganina, kifayen fadamun nan ne kan gaba. Ana tsotse ruwan fadamun ana dasa kwakwar manja, kuma wani jinsin Parosphromenus a ɗan yanki guda kawai ake samunsa. In an ɗauka shi da na makwabta duk ɗaya ne, babu wanda zai tashi kare wannan fadamar kafin a cike ta.