Auna Iskar Zariya da Na'ura Mai Araha: Tambayoyin Ɗaliban Digiri na Biyu

Me ke cikin na'urar?

Sensa ce ƙarama, irin PMS5003 ko SDS011. Fanka ke zuƙo iska ta gifta hasken leza, ƙura ta warwatsa hasken, daga nan a ƙiyasta nauyin PM2.5, wato ƙurar da girmanta bai wuce maikiromita 2.5 ba. Sai a haɗa ta da allon ESP32, wato ƙaramar kwamfutar da ke karɓar awon, da BME280 mai auna zafi da laima, da katin memori, da agogon DS3231. Agogon nan ba na ado ba ne: in an ɗauke wuta babu shi, abin da aka auna daga baya ba za a san na wane lokaci ba ne.

Za a iya dogara da lambar da take bayarwa kai tsaye?

A'a, kuma a nan ainihin binciken yake. Na'urar ba ta auna nauyi, ƙiyasi take yi, yanayin Zariya kuwa yana ruɗa ta ta fuska biyu. Da damina, in laima ta haura kashi 75 cikin 100, ƙurar kan sha ruwa ta kumbura, sai lambar ta hau fiye da gaskiya. Da hunturu kuma, hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi manyan ƙwayoyi ne, PMS5003 ba ta kama su sosai, sai lambar ta yi ƙasa da gaskiya. Lissafin gyaran da aka fitar a Agusta ba zai yi aiki a Janairu ba. Kowane yanayi da nasa.

To yaya ake daidaita ta?

A jera aƙalla sensa guda uku iri ɗaya a gefen babbar na'ura tantacciya, irin BAM-1020, na kwana 30. Haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta tsara a 2021, tana neman R², wato ma'aunin yadda awon sensa ya dace da na babbar na'urar, ya kai 0.70. A sa laima cikin lissafin, a kuma ware wani kaso na bayanan don gwada gyaran.

A ina ake kafa ta?

Mita biyu zuwa uku daga ƙasa, a inuwa, bakin yana kallon ƙasa. A guji janareto da tukubar mai tsire, sai fa in su ake bincike. Wuri ɗaya a shiru cikin harabar ABU da ke Samaru, wani a Kwangila ko kasuwar Sabon Gari, bambancin zai fito fili.

Me ya fi lalacewa?

Ƙura na toshe fanka, gizo-gizo ya yi saƙa a baki. Lezar SDS011 kamar awa 8,000 take yi, bai kai shekara ba, don haka a riƙa kunna ta daƙiƙa 30 kafin kowane awo sannan a kashe.

Da me za a kwatanta sakamakon?

Ma'aunin PM2.5 na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021: maikirogiram 15 a kowace kubik mita a matsakaicin awa 24, 5 kuma a matsakaicin shekara.