Damfarar katin banki ta waya

Damfarar katin banki ta waya zamba ce da ake kiran mutum da sunan banki ko kamfanin kati, a yaudare shi ya faɗi lambobin sirrin katinsa, sannan a kwashe masa kuɗi. A Amurka da Ingila ana yin ta da katin bashi, wanda mutum ke sayayya da kuɗin banki ya biya daga baya. A Najeriya kuwa katin ATM ake hari, domin shi ne a aljihun yawancin mutane.

Ɗan damfara ba ya zuwa hannu rabbana. Sau da yawa ya riga ya samu sunan mutum da bankinsa, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, kuma akwai dabarar da ke sa lambar banki ta bayyana a fuskar waya alhali ba daga can kiran ya fito ba. Da ladabi yake farawa, ranka ya daɗe ko Hajiya, sai ya ce za a rufe asusu yau saboda matsalar BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014. Daga nan sai ya nemi doguwar lambar da ke jikin kati, da ranar ƙarewar wa'adinsa, da alƙaluma 3 na baya. Ana cikin magana saƙo zai shigo da lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa don tabbatar da cire kuɗi, shi kuma ya ce a karanto masa da sauri kafin ta mutu. Wannan lambar ce mabuɗin ƙarshe, kuma mai asusun kaɗai ke iya miƙa ta. Shi ya sa gaggawa da tsoratarwa su ne jarin mazambacin. Abin takaici, dattawa da waɗanda ba su saba da harkar banki ba sun fi faɗawa tarkon.

A Amurka salon ya ɗan bambanta. A 2012 hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu sayayya a ƙasar, ta gurfanar da kamfanoni 5 da ke sakin kiran na'ura da muryar wata mai kiran kanta Rachel, ana yi wa mutane alkawarin rage kuɗin ruwan katinsu idan sun biya wani abu tukuna.

Banki ba ya tambayar PIN ko OTP ta waya. Duk wanda aka nemi ɗaya daga cikinsu ya kashe wayar, ya kira lambar da ke bayan katinsa da kansa, ko ya taka zuwa reshe. A Birtaniya an buɗe lamba 159 a 2021 don haɗa mutum da bankinsa kai tsaye. Idan kuwa an riga an faɗi lambobin, a toshe katin nan take ta manhajar banki ko lambar USSD, a canza PIN, a adana lambar da ta kira da saƙonnin cire kuɗi, a kai ƙorafi a rubuce. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan zamba, kuma ana iya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.